Kafin ka tura wa ChatGPT kuskurenka, ƙirga da kanka

Makon jiya wani ƙanena da ke koyon yaren C a wayarsa, can ƙauyenmu a wajen Ɗambatta, ya turo mini hoton allonsa. Ƙaramar manhaja yake rubutawa ta ajiye lissafin amfanin gonar da mahaifinsa ke kaiwa kasuwa, da sunan gari da sunan kaya. In ya sa Bichi, komai lafiya. Da ya sa Ɗambatta, sai kalmar "gero" ta ɓace daga allo, alhali bai taɓa ta ba.

Ya tambayi ChatGPT, ya faɗaɗa wurin ajiyar zuwa 100, manhaja ta tashi. A ganina gyaran da ba ka san dalilinsa ba bashi ne, kuma wata rana sai ka biya.

Ga abin da ya faru. Ya rubuta char gari[9], a gefensa char kaya[9], sannan ya kwafi sunan da strcpy. A C, kowane jeren haruffa yana ƙarewa da sifili guda da ba a gani, wanda ke nuna ƙarshen rubutu. Yaron ya san haka: haruffa 8, da sifili, 9 ke nan. Abin da bai sani ba shi ne a tsarin UTF-8 da wayoyinmu ke amfani da shi, haruffa masu ƙugiya irin su ɓ, ɗ da ƙ kowanne bayit biyu yake ci. Saboda haka Ɗambatta gurbi 10 take buƙata. Ita kuwa strcpy ba ta duba girman wuri, zubawa kawai take yi. Sifilin ya faɗa gurbin farko na kaya, waya ta ɗauka babu rubutu a wurin.

Duk wanda ya tashi a yankinmu, inda gona ke manne da gona, ya san wannan. Kunya ɗaya ka ƙara a bakin iyaka, ka shiga gonar maƙwabci. Wataƙila bana ya yi shiru, baɗi a kai ka gaban mai unguwa. Haka wannan kuskuren yake: yau manhaja ta yi aiki, gobe ta mutu a wani layi daban, kana neman laifin inda ba ya nan.

Kada ka ce wannan matsalar ɗalibai ce. A 2019, irin wannan ƙetare iyaka a sashen kira na WhatsApp aka bi aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, kuma kamfanin ya ce an kai wa mutane kimanin 1,400 hari.

Na san uzurin: data na da tsada, caji ma sai an biya a shago, wa zai zauna ƙirga? Amma binciken nan bai fi minti biyu ba, kuma ba ya cin data. Sa printf ta nuna maka strlen na rubutun da sizeof na wurin ajiya. In na farko ya kai na biyu ko ya wuce shi, ka kama ɓarawonka. Wajen gyara, snprintf ta fi aminci domin tana tsayawa a iyaka kuma tana sa sifilin, ko da yake za ta iya yanke sunan. Ka yi hattara da strncpy, in wuri ya cika ba ta sa sifili.

Littattafan koyon C da sunayen Turawa suke ba da misali, shi ya sa ƙugiya ba ta cizon su. Kai da masu amfani da manhajarka su ne su Ɗanladi da Ɓaidu, gwada ta da sunayensu tun kafin su gwada maka.