Tarho ma yana son rumbun tsimi

Manomi mai hankali ba ya cinye hatsinsa duka. Yana aje rumbun tsimi don shekarar fari. Makiyayi ma ba ya dogara ga rijiya guda. Haka aikin tarho yake.

Saƙon tarho ba cikin iska kaɗai yake tafiya ba. Daga dogon ƙarfen bakin gari, yana bin waya cikin ƙasa. In zai je ƙasa mai nisa, sai ya bi manyan wayoyi na ƙarƙashin teku. Nijar ba ta da teku. Wayoyinta suna ratsa ƙasashen maƙwabta, kamar Benin.

Ran 14 ga Maris 2024, manyan wayoyi 4 suka lalace cikin teku, wajen Abijan. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa, har da Nijar. Gyara ya ɗauki makonni. Kamfanonin da ke da wata hanya suka juya saƙonni can, suka farfaɗo da wuri.

Shi ya sa ake tanadi tun kafin ɓarna. Ana shimfiɗa hanya ta biyu, nesa da ta farko, mai faɗin da zai ɗauki kayan duka biyu. Dogon ƙarfe kuma ana sa masa batir da faranti mai zuƙar hasken rana, ko da wuta ta ɗauke.

Mutanen karkara ma suna da nasu aiki. Kada a yi haƙa inda aka binne waya. Kada a bari ɓarawo ya kwashe batir. Ranar da mai naƙuda ke jiran motar likita, ran nan ake sanin amfaninsu.