Wa Zai Ceci Takardun Kakuri?

Duk lokacin da aka tayar da zancen adana takardun tarihi a Kaduna, arewacin kogi ido yake kallo. Can ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yake, a titin Yakubu Gowon, inda rahotannin Razdan da Di'o suke jibge. Can ne kuma Arewa House yake, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Ba ni da ja a kan darajarsu. Abin da nake jayayya da shi shi ne zaton da ya samu gindin zama a zukatanmu, wai takarda ba ta zama tarihi sai in Bature mai mulki ko malami mai alƙalami ne ya rubuta ta. Mai son ganin ɓarnar wannan zato ya ƙetare gada ya nufi Kakuri.

A nan masaƙar KTL ta soma aiki a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, unguwar ta cika da dubban ma'aikata. Daga cikinsu Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Kowane ma'aikaci ya bar sawunsa a takarda: wasiƙar ɗaukar aiki, littafin albashi, takardar gargaɗi, rasit ɗin ƙungiya, ga kuma littattafan zanen atamfar da iyayenmu mata suka ɗaura ranar suna. KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi sahunta. Mun yi kukan injunan da suka yi tsatsa, mun yi kukan aikin da ya tafi, amma ban taɓa jin an tashi a taro an tambayi ina takardun suka kwana ba.

Wani zai ce a fara ceton rubuce-rubucen malaman jihadi tukuna, su ne tsofaffi. Wannan lissafi a juye yake. Yawancin takardar da malaman ƙarni na 19 suka yi rubutu a kai daga Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku, kuma da tsumma aka yi ta, shi ya sa take jure ɗaruruwan shekaru. Takardar ofis ta 1960 kuwa da garin itace aka sarrafa ta, tana ɗauke da sinadarin da yake cin ta daga ciki, sai ta yi ja, ta bushe, ta karye. Ƙara mata danshin damina da bushewar hunturu, da gara da kyankyaso, jika zai riga kakansa mutuwa. Na gani da idona ranar da muka buɗe akwatin ƙarfen kakana, wanda ya yi shekaru yana saƙa a unguwar nan. Ƙarfen da aka maƙale wasiƙunsa da shi ya yi tsatsa ya huda su, wadda aka liƙe da salatif ta yi baƙi, wata kuma ina ɗagawa ta marmashe kamar busasshen ganyen kuka.

Ba don sha'awar ɗalibin tarihi kawai nake wannan magana ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL da iyalan waɗanda suka rasu sun shafe shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama, kuma da me bazawara za ta tabbatar da shekarun aikin mijinta in ba da takarda ba? Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Tun rikicin 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka tsakanin mazauna gari ɗaya, har yaran da aka haifa bayansa suna zaton haka aka halicci Kaduna. Littafin albashin masaƙa yana ƙaryata su, domin a shafi guda za a ga sunan Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe, layi bisa layi, kan inji ɗaya. Abin kunya ne a ce littafin da aka fi komawa gare shi kan ƙungiyar ma'aikatan saƙa, masu bincike biyu daga Suwidin ne suka rubuta shi, Gunilla Andrae da Björn Beckman, alhali mu da muke kwana da shaidar muna naɗe tsire da ita.

Masu cewa a ɗauki hoto da waya a huta, su tuna wayoyi nawa suka mutu a hannunsu cikin shekara goma. Hoto taimako ne, asali shi ne hujja. Aikin ma ba gagara-badau ba ne. A cire ƙarfe, a daina salatif da liƙe takarda cikin leda mai zafi, a ɗaga kwalaye daga ƙasa zuwa kanta a ɗaki mai iska, a rubuta jerin abin da ke ciki. Jihohin Arewa 19 ne suka gaji KTL, ƙungiyar ma'aikatan saƙa tana da ofishi a garin nan, Arewa House na da ƙwararru. Mutanen Timbuktu sun kwashe littattafansu cikin akwatuna zuwa Bamako a 2012 ana tsakiyar yaƙi. Tsakanin Kakuri da titin Rabah kuwa gada ce kawai, da kuɗin Keke Napep.