Diplom na hannu, aiki ya ƙi samuwa: ina ƴaƴanmu da suka yi karatu Najeriya za su sa kansu?



A shirinmu na ranar kasuwa wani dattijo ya kira mu daga wani ƙauye na bakin iyaka. Ya ce ya saida shanun huɗa biyu da buhunan wake ya kai ɗiyarsa karatun ungozoma a Najeriya. Ta yi shekara uku, ta dawo da takarda mai hatimi. Yau ta fi shekara tana zaune gida, alhali likitar garinsu ba ungozoma, mata masu naƙuda sai an ɗora su bisa amalanke zuwa wani gari. Sai ya ce: "To malam, takardar ce ba ta da kyau, ko ƙasar ce ba ta son ta?" Tun daga ranar kira bai tsaya ba, kuma kusan kowa tambayarsa ke nan.

Abin da da yawa cikinmu ba mu sani ba kafin mu biya kuɗin lakkol shi ne, a wasu ayyuka diplom kaɗai ba ya isa. Likita, malamin asibiti, ungozoma, mai farmasi, lauya, duk sana'o'i ne da doka ta tsare, saboda kuskure a cikinsu na iya cin rai ko dukiya. Wanda ya yi karatu waje yana da ƙofa biyu a gabansa. Ta farko ita ce daidaita takarda, wadda ƴan boko ke ce ma ekibalans: hukuma ta duba lakkol ɗin da ya ba da takardar, da shekarun da aka yi, da darussan da aka koya, sannan ta faɗi da wace takarda ta gida ta yi daidai. Ga karatu mai zurfi, ofishin OBEECS da ke Yamai, wanda kuma ke shirya jarrabawar bak, shi ke riƙe da wannan aiki. Ƙofa ta biyu ita ce izinin yin aikin kansa. Likita sai an rubuta sunansa a kundin ƙungiyar likitoci ta ƙasa, mai son buɗe ɗakin shan magani ko farmasi sai da iznin ofishin ministan kiwon lafiya. Ko yaran da suka yi lakkol ta kiwon lafiya mai zaman kanta a nan gida, sai sun zauna jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa kafin a yarda da su.

Kar mu ɗauka Nijar ce kaɗai ke haka. Ƴan Najeriya da ke zuwa karatu Maraɗi ko Yamai, in sun koma gida irin wannan katangar suke tararwa. Hukumar likitocinsu, MDCN, na yi wa duk wanda ya yi karatun likita a waje jarrabawa kafin ta ba shi lasisi, ma'aikatan jinya da ungozomai ma suna da tasu hukumar. Kuma suna da dalili. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo, bayan da wani ɗan jarida, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba. Ku yi tunani a ce mai irin wannan takarda shi ke riƙe da allura a kan ɗanka. Don haka mu ba mu ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga ba. Mun ga abin da masu allura a rumfar kasuwa suka jawo ma ƙauyukanmu.

Matsalar tana wani wuri daban. Wanda ya yi karatu Wagadugu, Bamako ko Dakar hanyarsa ta fi sauƙi, don tsarin karatunmu ɗaya ne kuma harshen ɗaya ne. Akwai hukumar CAMES, wadda aka aza harsashinta a nan Yamai a 1968, cibiyarta na Wagadugu, tana tantance takardun jami'o'in ƙasashen da ke cikinta. Akwai kuma UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa, wadda tun 2005 ta fitar da ƙa'idar da ke ba likitan wata ƙasar ƙungiyar damar zama ya yi aiki a wata. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu. Amma mu mutanen Maraɗi, Damagaram da Ƙwanni, ina ne ya fi mana kusa? Daga Maraɗi zuwa Katsina ko kilomita 100 ba a yi, zuwa Yamai kuwa fiye da 600. Uba ba zai tsallake garin da ƙanensa yake, inda ake jin Hausa, ya kai ɗiyarsa Dakar ba. Wato ƙasar da ƴaƴan talakawanmu suka fi zuwa, ita ce wadda takardunta suka fi wuyar daidaitawa: da Ingilishi aka rubuta su, sai an fassara, sunayen matakan karatu kuma ba su zo ɗaya da namu ba.

Inuwar da ta haɗa mu da Najeriya a wannan fage ita ce CEDEAO, wadda a 2003 ta amince da yarjejeniya kan yarda da takardun karatun juna. Gaskiya ko a lokacin ba ta hana wahala ba, amma dai akwai takardar da za a nuna. Nijar, Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar fita ranar 28 ga Janairun 2024, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. CEDEAO ta ce ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga da fita da zama ba biza har sai an sake shawara. To amma izinin tsallaka iyaka daban, izinin karɓar haihuwa daban. Ko mutum na goyon bayan AES ko ba ya yi, wannan giɓi ne da ya kamata a cike, kuma akwai inda za a cike shi: hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, cibiyarta na Yamai. Maganar takardun ƴaƴanmu ta cancanci kujera a teburinta kamar maganar hanya da kasuwa.

Ba ƙaramar asara muke yi ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa Nijar cikin jerin ƙasashe 55 da suka fi fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya a 2023. Ƙasar da ke wannan hali bai kamata ta bar wanda ya yi karatu na gaskiya ya shekara yana jiran hatimi ba.

Abin da muke roƙon magabata ba shi da tsada. A fitar da jerin makarantun waje da aka yarda da su, a aiko mana mu karanta da Hausa a rediyo kafin lokacin shiga lakkol. A buɗe wurin ajiye takardu a Maraɗi, Damagaram da Tawa, don kuɗin mota da kwana a Yamai kaɗai na cinye jikkuna masu yawa. A faɗi kuɗin da ake biya da kwanakin da za a jira, a liƙa a bango, don inda babu farashi a fili nan ƴan "kawo in taimake ka" ke cin kasuwa. Wanda kuma karatunsa ya gaza kaɗan, a ba shi horon cikawa da jarrabawa maimakon a ce ya koma gida.

Mu ma iyaye da namu laifi. Muna tambayar kuɗin lakkol da na abinci, ba mu tambayar abin da ya fi su. Kafin a saida ko akuya ɗaya, a tambaya: hukumar ƙasar da lakkol ɗin yake ta yarda da shi a wannan fannin? Waɗanda suka gama a can sun samu lasisin aiki? Akwai ɗan Nijar da ya gama a wurin, ya dawo aka daidaita masa takarda? In mai lakkol ya fara kame-kame, kun ji amsa. Ku kuma ƴan uwa da ke Legas, Abijan, Libiya ko Faransa, masu aiko da kuɗin karatun ƙanne, ku nemi a turo muku hoton takardar iznin lakkol ta waya kafin ku tura ko dala. Wanda ke can yana karatu yanzu ya karɓo lasisin ƙasar da takardar makin kowace shekara tun bai taho ba, don komawa neman su daga baya wata tafiya ce da wani kuɗin.

Dattijon da ya kira mu mun shawarce shi su haɗa takardun ɗiyar, na asali da fassararsu, su kai da kansu, su karɓi rasit, kar su ba kowa a hanya. Mako mai zuwa za mu sake buɗe layi a kan wannan magana. Duk wanda ya bi hanyar nan, ya samu ko bai samu ba, ya kira ya gaya mana yadda ya yi, don na baya su amfana. Allah ya sa wahalar iyaye ba ta tafi a banza ba.