Lafiyar Iyali: Kaska Da Gajiyar Da Ba Ta Wucewa

Daga Nasarawa, Birnin Kebbi. A wannan wata zan fara da laifin kaina.

Akwai wani yaro a ajina, mai ƙwazo ƙwarai. Da aka yi hutun damina ya tafi ƙauyensu wajen Argungu, yana kiwon awaki a bakin fadama. Bayan dawowarsa sai ya zama kullum kansa bisa tebur. Na tsawata masa, na ce lalaci ne, har na sa shi durƙuso gaban 'yan'uwansa. Da na je gidansu uwar ta ce mini, "Malam, zazzaɓi ya yi a can. Sau biyu mun saya masa maganin cizon sauro, bai ji sauƙi ba." A asibiti aka auna jininsa, babu ƙwayar cizon sauro. Likita ya duba bayan gwiwarsa, sai ga wani baƙin tabo inda kaska ta kama shi. Aka ba shi maganin da ya dace, zazzaɓi ya sauka, amma ya yi makonni kafin ƙarfinsa ya komo. Na roƙe shi gafara. Gaskiya ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Mu duka mun san kaska a jikin shanu da karnuka. Makiyaya kuwa sun san inda ta yi yawa, nan kirci yake kama shanu. Abin da yawancinmu ba mu lura ba shi ne, tana sa wa mutum cuta kamar yadda sauro yake yi. Kaskar nan mai zane a baya da ke kama shanu tana ɗauke da ƙwayar da ke kawo zazzaɓi, da ciwon kai, da kaluluwa, da baƙin tabo a wurin cizo. Akwai wata kuma mai taushin jiki da ke zaune a ramukan ɓeraye, tana cizo da dare. A ƙauyukan Senegal an tabbatar tana kawo zazzaɓin da yakan tafi ya dawo, sau da yawa ana ɗaukarsa na cizon sauro ne, yana kuwa iya jawo wa mai ciki ɓari. Mafi muni shi ne zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini. An fara ganinsa a Kirimiya a 1944, an kuma sami ƙwayarsa a jikin kaska da dabbobi a Nijeriya. Cikin mutum 100 da ya kama yakan kashe 10 zuwa 40. Jinin dabba mai ɗauke da shi ma yana sa wa mai yanka.

To, ina zancen gajiya? Waɗansu cututtukan nan sukan wuce su bar kasala a baya. Akwai wanda ake kira zazzaɓin Q. Ana samun ƙwayarsa a jikin kaska, amma ya fi kama mutum ta wurin shaƙar ƙurar inda awaki da tumaki suka haihu. Daga 2007 zuwa 2010 ya kama mutum fiye da 4,000 a ƙasar Holan, aka ga wajen ɗaya cikin biyar sun daɗe suna fama da gajiya bayan zazzaɓin ya wuce. A Amurka ma cutar Layim, wadda Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayarta a 1982, takan bar waɗansu da gajiya da ciwon gaɓoɓi har watanni.

Amma kada mu ɗora wa kaska dukan laifi. Jiki yana da waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon. Kamar 'yan aike suke cikin jini, su ne suke gaya wa gaɓoɓi su yi sauri ko su sassauta. Waɗansu daga gaban wuya suke fitowa, wurin nan da maƙoƙo yake kumbura. Idan sun yi kaɗan, mutum yakan ji kasala, da sanyi ko cikin bazara, fatarsa ta bushe, jikinsa ya yi nauyi. Rashin aidin yana kawo maƙoƙo, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishiri a ƙasarmu. Haka kuma macen da ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, idan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kullum tana kwance, mai yiwuwa wata 'yar halitta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta lalace. Likita Sheehan ya bayyana wannan a 1937, akwai kuwa magani. Ciwo mai tsanani shi ma yakan rage homon na wuya na ɗan lokaci, shi ya sa likita yakan ce a sake awo bayan an warke. Ga kuma ƙarancin jini, da ciwon sukari, da tarin fuka. Alama ɗaya ce, tushe dabam dabam, awo ne kaɗai yake rarrabe su.

Ga shawarata. Duk wanda ya dawo daga kiwo ko gona, a duba masa hammata, da matsematsi, da bayan gwiwa, da cikin gashi. In an ga kaska, a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali har ta fita, a wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta a jiki ko a zuba mata kananzir, kada kuma a murtsuke ta da yatsu. A tafasa madara kafin a sha. Mai yanka akuyar Kirsimeti ya kiyaye jini daga raunin hannunsa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, da gajiyar da ta wuce wata guda, a kai su asibiti. A nan muna da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ku gaya wa likita in kaska ta yi cizo, gama in ba ku faɗa ba, da wuya ya tambaya.

Maigida, kafin ka ce matarka ta yi lalaci, kai ta a auna ta tukuna. Malami ɗan'uwana, kafin ka ɗauki bulala, tambayi yaro inda ya yi hutu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.