Ruwan najasa ya fi ɗan wasa faɗin gaskiya

Hukumomin yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni fitsarin ƙwararrun 'yan wasa suke gwadawa, amma matashin da ke shan ƙwayoyin ƙara ƙwanji a gidan motsa jiki babu mai bi ta kansa, kuma ko an tambaye shi ba zai amsa ba. Shi ya sa nake ganin awon ruwan najasa ya cancanci kuɗin gwamnati. Abin da mutum ya sha yana fita a fitsarinsa. A 2005 masana a Italiya sun gano ɓurɓushin hodar ibilis a Kogin Po, a 2018 kuma wani bincike a Holan ya nuna alamun DNP, maganin ƙona kitse mai kisa, a lokacin gasar masu gina jiki.

Za a ce leƙen asiri ne. Ai ruwan dubban mutane ne a gauraye, ba ya nuna gidan kowa, sai fa idan an ɗebo shi daga ƙaramin wuri kamar makaranta, wanda ya kamata doka ta hana. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne jiki da kansa yana samar da testosterone, sinadarin da ke ƙara ƙwanji, don haka awon ya fi inganci kan magungunan da aka haɗa a masana'anta. Rashin bututun najasa ma ba hujja ba ce: tun 2011 ake ɗibar ruwan kwata a Kano domin neman ƙwayar cutar shan-inna.