Wayarka za ta karanto maka P0455, amma ba ita za ta nuna maka inda hujin yake ba

Yau magana ce ta masu mota, musamman masu a-kori-kura 'yar Beljiyam da aka yi wa kasuwar Amurka, irin su Tacoma, Tundra, Frontier da F-150. Ni dai gyaran waya nake yi, to amma tunda ɗan abin nan ELM327 ya shigo hannun mutane, duba mota ya zama aikin waya, kuma wajenmu ake kawo shi a haɗa. Abin da nake son faɗa shi ne, yawancin masu sayen abin nan goge lamba kawai suke yi da shi, kuma a ganina wannan ya fi rashin mallakarsa illa.

Ga wanda bai sani ba, tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka dole tana da soket ɗin OBD2, mai ramuka 16, a ƙasan sitiyari. Nan za ka soka ELM327, ka murɗa makulli, ka haɗa shi da waya ta Bluetooth. Idan ya nemi lambar sirri, yawanci 1234 ce ko 0000. Sai ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya lura, tsohon samfurin mai Bluetooth zalla ba ya yi masa, sai mai WiFi ko mai BLE. In ka gama ka zare shi, domin soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe, kuma masu arahan nan suna tsotse batir in mota ta daɗe a ajiye.

To ka duba, sai ka ga P0455 ko P0442 ko P0456. Mota kuma lafiyarta ƙalau, ba ta rawa, ba ta rage gudu. Me ke faruwa?

Fetur yana yin tururi a cikin tanki, balle a zafi irin namu. A motocin da, tururin nan iska yake bi. A na yanzu an rufe hanyar gaba ɗaya, tsarin da ake kira EVAP. Tururin yana bin tiyo zuwa wani akwati mai cike da gawayi, kanista kenan, gawayin ya riƙe shi. In injin ya yi zafi ana tafiya, sai kwamfutar mota ta buɗe wani bawul da ke kusa da injin, wanda za ka ga manhaja ta rubuta purge, injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi. Akwai bawul na biyu a wajen kanista, shi ne vent, ta nan iska mai tsabta ke shiga. Na farkon a rufe yake zama sai an ba shi wuta, na biyun a buɗe yake zama sai an ba shi wuta. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani.

Lokaci-lokaci kwamfutar tana rufe hanyar duka ta gwada ko iska na shiga ta wani wuri. In ta ga babbar ɓaraka sai ta rubuta P0455. In ƙarama ce, kamar milimita 1, P0442. In ta kai rabin milimita, P0456. Rabin milimita fa, malam, kamar bakin allura. Ka ga kenan lambar girman huji ta faɗa maka, ba ta ce ga inda yake ba.

Mu a wajen waya mun saba da irin wannan. Mutum zai zo ya ce wayarsa ba ta caji, a canza masa batir. Alhali ko datti ne ya toshe bakin caji, ko kebul ɗin ne ya karye ta ciki, ko kuma can a kan allo matsalar take. Wanda ya fara da sayen batir ya yi asarar kuɗi, waya kuma tana nan yadda take. Haka mai mota zai ga P0455, ya rubuta ta a Google, ya ga hoton kanista, ya nufi kasuwar 'yan kayan gyara. Kanista kuwa tana cikin masu tsada a tsarin, kuma sau da yawa ba laifinta ba ne.

Ka fara da abin da ba ya cin ko sisi. Buɗe murfin tanki ka duba robar da ke zagaye da shi. Ta tsattsage? Ta bushe? Akwai yashi ko tsatsa a bakin tankin? Goge shi, ka mayar ka murɗa har ya yi ƙara. Yaron gidan mai yana sauri, sau da yawa ɗora murfin kawai yake yi. In murfin ba na motar ba ne, irin wanda aka saya a bakin titi don na asali ya ɓata, to kusan ka gama bincike. Wasu motocin ma suna da lamba ta musamman don murfi, P0457.

In murfi lafiya, koma kan bawul ɗin purge. Babbar alamarsa ita ce mota ta yi wuyar tashi daidai lokacin da ka gama shan mai, don in ya maƙale a buɗe tururi yana cika injin. Gwajinsa ba wuya: zare soket ɗinsa, zare tiyon da ya fito daga tanki, tayar da mota, ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. In ka ji yana zuƙar yatsanka alhali ba wuta a jikinsa, ya lalace. Daga nan sai ka shiga ƙarƙashin mota da fitilar waya. A yawancin a-kori-kura kanista tana can baya kusa da tanki, inda ƙura da taɓo da duwatsun hanyar ƙauye suke dukanta. Bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ka nemi wanda ya tsage, ya zame, ko ɓera ya ci.

In duk ka yi wannan ba ka gani ba, aikin waya ya ƙare. Sai injin hayaƙi, wanda ke tura hayaƙi a hankali cikin tiyon bayan an rufe vent, a ga inda yake fitowa. Ƙarfin iskarsa bai kai psi 1 ba. Don Allah kar wani ya ce bari a gwada da kamfuresar mai faci, za ta fasa abin da da lafiyarsa. Maganar hura hayaƙin taba kuwa, a bakin tururin fetur, ba sai na ce komai ba. Kafin ka ba makanike motarka ka tambaye shi ko yana da injin hayaƙi. In ya ce ba ya buƙata, ya san abin da zai canza, ni dai da ni ne gaba zan yi.

Na san abin da wasu za su ce: mota na tafiya, nan ba Amurka ba ce da za a hana ka takarda saboda hayaƙi, me ya sa zan kashe kuɗi? Akwai gaskiya a ciki. Ba zan yi maka ƙarya in ce hujin rabin milimita ne ke shanye maka mai ba, abin da yake zubarwa kaɗan ne. Damuwata wutar check engine ce. Ƙwaya ɗaya ce tal, kuma ita ke ba da labarin ɗaruruwan matsaloli. In ka saba ganinta a kunne saboda murfin tanki, ranar da babbar matsala ta zo ba abin da zai canza a gabanka. Wanda ya sa mai rewaya ya cire ƙwan ko ya liƙe shi da baƙin salatif ya fi kowa shiga haɗari, domin in injin yana tsallake wuta sosai wutar ƙiftawa take yi, ma'ana ka tsaya yanzu, shi kuwa ba zai gani ba. Sannan in har kana jin warin fetur a bayan mota, wannan ya wuce maganar lamba.

Wani abu kuma da muke yi da hannunmu: famfo ya yanke, mu ce a ƙara, har a riƙa girgiza mota don ta ƙara ɗauka. Kanista tururi aka yi ta ta riƙe, in ruwan fetur ya gangara cikinta gawayin ya jiƙe, ya lalace. Famfo na yankewa ka ce ya isa.

Goge lamba fa? Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton allon, har da shafin freeze frame, wanda ke nuna halin da mota take ciki lokacin da lambar ta fito. Bayan gyara ka goge, amma kar ka yi murna don wuta ta mutu. Kwamfutar ba kullum take gwajin ba, yawanci sai mai yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 na tanki kuma injin ya huce. Wanda kullum allurarsa ke kwance a ja zai iya yin makonni gwajin bai gudana ba. Toyota da yawa ma sai kamar awa 5 bayan an kashe su suke yi, shi ya sa wani zai ji ƙara a ƙarƙashin motarsa da tsakar dare ya tsorata. Ka duba shafin monitors a manhaja, sai EVAP ta nuna ta kammala kuma lamba ba ta dawo ba, sannan gyara ya tabbata.

Wannan shafin ne ma ya fi amfani ga mai shirin sayen mota. In ka soka abinka ka ga ba lamba ko ɗaya, amma gwaje-gwaje da yawa ba su kammala ba, to ba a daɗe da goge ta ba, ko kuma an cire batir. Ka tambayi dalili kafin a yi ciniki. Masu Hilux mai shan gas kuma ku kwantar da hankali, motarku ba ta da wannan tsarin sam.