Kafar Caji: Laifin Wa?

A makon jiya wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya komo daga wurin mai gyara ransa a ɓace. Kwamfutarsa ta cinya ta daina karɓar caji, alhali kuwa saura mako uku ya miƙa kundin bincikensa na shekarar ƙarshe. Mai gyaran ya duba ya ce kafar cajin ce ta saki, sa'an nan ya ɗora da cewa yawan sawa da cirewa ne ya kashe ta. Na sha jin wannan magana a bakin jama'a, ni kuwa a ganina ba ta cika gaskiya ba.

Bari mu fara da lissafi. Waɗanda suka tsara ƙa'idar USB sun ajiye adadin sawa da cirewa da ya wajaba kowace kafa ta jure. Tsohuwar nan mai faɗi da muke soka filas, watau USB-A, an yanka mata sau 1,500. Ita kuwa ƙaramar, USB-C, wadda ƙa'idarta ta fito a 2014, sau 10,000. Ɗalibin da ke soka caja sau biyar a yini sai ya yi kwana 2,000, fiye da shekara biyar ke nan, kafin ya kai ga wannan adadi. Ya gama digiri har ya yi bautar ƙasa. Kuma adadin nan ba ajali ba ne, mafi ƙarancin abin da ake nema ne kurum. Daɗin daɗawa, 'yan ƙarafan da ke damƙewa, waɗanda su ne ke saurin gajiya, a kan wayar cajar aka sa su, domin waya mai araha ta riga kwamfuta mai tsada lalacewa.

To, me ke kashe kafar? Ai shi gwajin nan inji ke yinsa, ya soka a miƙe, ya zare a miƙe. Injin bai taɓa kwana a ɗakinmu ba, inda mutum takwas ke jiran soket ɗaya. Da zarar an kawo wuta sai ka ga kowa ya zabura, wayoyi sun ratsa tsakar ɗaki sun miƙe tsam, wani ya shigo a gurguje ya yi tuntuɓe da ɗaya. Wani kuma ya kishingiɗa bisa katifa da kwamfuta a cinya, nauyinta duka a kan bakin cajar. Cikin kafar USB-C akwai wani ɗan siririn harshe mai ɗauke da haƙora 24, ita kanta kafar kuwa da dalma aka liƙa ta. Fizga ɗaya ta gefe takan tsattsage dalmar nan, ta yi ɓarnar da sawa dubu a miƙe ba za ta yi ba. Ga kuma ƙurar hunturu: ta taru a can ƙuryar kafar ta dunƙule, caja ta ƙi shiga sosai, mai ita ya dinga dannawa yana murɗawa, daga bisani ya ɗauko allura. Wallahi na ga an yi, ni ma na taɓa yi.

Amma fa masu ƙera na'urorin nan suna da nasu kaso. A da, kafar caji mai zagaye a kwamfutoci da dama tana da 'yar wayarta dabam, a kwance ta da sukuddireba a sa sabuwa. Yanzu a yawancin sirara an liƙe ta a jikin babban allon na'urar, sai gwanin dalma, in ya kuskure kuwa allon ya tafi. Ba kuwa don dabara ta ƙare ba. Tun 2006 kamfanin Apple ya fito da caja mai maganaɗisu wadda in an fizga sai ta saki. Ya jingine ta, ya komo da ita a 2021. A shekarar nan ta 2021 kuma kamfanin Framework ya fito da kwamfutar da ake zare kafofinta da hannu a sauya. Wannan ya shafe mu, domin dokar Tarayyar Turai ta 2022 ta ajiye Afrilun 2026 ya zama lokacin da sababbin kwamfutocin cinya za su riƙa caji ta USB-C, mu kuwa kwancen Turai muke saye. Za su iso mu bayan wani ya riga ya ci rabin ƙarfinsu.

Turai ta yi mana nisa, amma ɗakin karatu yana hannunmu. Roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai shi ne, in an zo kasafin kuɗin bana, a rage na liyafa a sa soket a jikin kowane tebur na ɗakunan karatu, a kuma ƙara su a ɗakunan kwana, ta yadda ba wayar da za ta ratsa hanya. Shi abokin nawa an liƙa masa sabuwar kafa, kuɗin abincinsa na wata ya tafi a kai, kuma har yanzu soket ɗin nan ɗaya muke bi.